TSOFAFFIN KAYAN GIDA: NA GYARAWA DA NA ZUBARWA

A wannan wata za mu yi magana a kan tarkacen da ke zube a bayan gidajenmu: tsohuwar randa, da galan, da buhu, da gwangwani, da ledar ruwa. Wasu daga cikinsu kuɗi ne a zube. Wasu kuma guba ne. Aikin mai gida da uwargida shi ne su san wanne ne wanne.

Gyaran tsohon kaya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A da, in ƙwarya ta fashe, gyartai ake kira ya ɗinke ta. In ta ƙi ɗinkuwa, sai ta zama sakaina. Tukunya in ta fashe, tsingaronta ya zama abin ɗebo wuta ko abin ba kaji ruwa. Abin da ya rage kuma a kai shi juji, ya ruɓe, ya zama taki, jaki ya kai shi gona.

Yanzu zamani ya kawo kayan da ba sa ruɓewa. Leda da roba sukan yi shekaru masu yawa a ƙasa ba su zama taki ba. Iska ta kwashe su ta kai gona. Ruwa ya kwashe su ya toshe magudana. Akuya ko tunkiya ta ji ƙanshin ƙosai a jikin leda ta haɗiye. Ku tambayi mahauta abin da suke tararwa a tumbin dabbobi. Sau da yawa dunƙulen leda ne. Dabbar da ta tara leda a ciki sai ta daina cin abinci sosai, ta yi ta ramewa, mai ita yana ta sayen magani a banza. Wasu ƙasashen sun hana amfani da leda saboda irin wannan ɓarna. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya ta hana a 2017. Mu nan tana nan tare da mu, don haka sai mu san yadda za mu yi da ita.

RANDA CIKIN RANDA

Za mu fara da wanda ya fi kowanne amfani ga mutanen fadama.

Tun da aka gina madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima, wadda aka kammala a 1984, noman rani ya ƙara ƙarfi a wannan yanki. Ana samun tumatir, da tattasai, da attarugu, da kuɓewa, da ganye iri-iri. Amma kowa ya san matsalar. Kayan lambu kan nuna a lokaci ɗaya. Kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Ga zafin bazara, wanda a ƙasar Sakkwato yakan wuce digiri 40. Tumatirin da aka tsinko yau, jibi ya fara ruwa. Dole a sayar da arha ko a zubar.

Wani malami daga Jihar Jigawa, marigayi Malam Mohammed Bah Abba, ya yi tunani a kan wannan matsala. Shi ɗan gidan magina tukwane ne. A shekarun 1990 ya fara yaɗa wata dabara a ƙauyuka: a sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Dabarar ta yi suna har ƙasashen waje. A shekarar 2000 kamfanin agogo na Rolex ya ba shi lambar yabo da kyautar dala 75,000, ya yi amfani da ita wajen ƙara yaɗa tukwanen. Rahoton da aka bayar a kan aikinsa ya nuna cewa gauta, wadda kan lalace a kwana 3, ta kai kwana 27 a cikin tukunyar. Tumatir da tattasai sun kai mako 3. Alayyafo, wanda kan yi yaushi a yini ɗaya, ya kai kwana 12. Ba lallai ne kowa ya sami wannan adadi daidai ba, domin wuri ya bambanta, tukwane ma sun bambanta. Amma ko rabinsa aka samu, an ci riba.

Me ya sa take sanyi? Dubi jikinka. In ka yi gumi iska ta buso, sai ka ji sanyi. Ruwan da ke bushewa shi ke tafiya da zafi. Haka randar ƙasa ke sanyaya ruwan sha. To, a nan ma ruwan da ke cikin yashi yana tsattsafowa ta jikin babbar randa, iska tana busar da shi, yana janye zafi daga ƙaramar tukunyar da ke ciki.

Abin daɗin shi ne, ba sai an sayi sabuwar randa ba. Randar da ta tsage ta daina riƙe ruwa za ta yi, tun da yashi za ta riƙe. A ɗaure ta da waya ko igiya don kada tsagar ta ƙaru. In akwai huda a gindinta, a toshe da yumɓu ko ɗan siminti. Sai dai kada a shafe jikinta duka da siminti ko fenti. In aka yi haka an toshe mata hanyar gumi, ba za ta yi sanyi ba.

Ta ciki kuwa dole ta zama lafiyayya, ba ta yoyo. Tukunyar ƙasa za ta yi. Tsohuwar tukunyar ƙarfe da ba ta huje ba ita ma za ta yi.

Ga yadda ake haɗawa:

1. A samo yashin gulbi, a tankaɗe shi, a wanke shi har ƙasar da ke ciki ta fita. Yashi mai laka yakan toshe jikin randa.
2. A zuba yashi a gindin babbar randa. A ɗora ƙaramar a kai. A duba, bakinsu ya zo daidai da juna.
3. A cika tsakaninsu da yashi ko'ina. Faɗin tsakanin ya kai kamar yatsa 2 zuwa 3.
4. A zuba ruwa a kan yashin a hankali, har ya daina sha. Kada ruwa ya shiga ta ciki.
5. A rufe ta ciki da murfi ko faifai, a jiƙa tsohon buhun algarara ko tsumma mai kauri a lulluɓe.

A ajiye ta a inuwa, inda iska ke wucewa, kamar ƙarƙashin rumfa ko gindin bishiya. Ɗakin da yake a rufe ba wurinta ba ne. A ɗora ta a kan duwatsu uku, ko a kan gammon tsohuwar taya, domin ta zauna daram. A bar ta ta kwana ɗaya ta ɗauki sanyi kafin a sa kaya. Daga nan sai a riƙa ƙara wa yashin ruwa sau 2 a rana, safe da yamma. In yashi ya bushe, aiki ya tsaya.

Akwai abubuwan da ya kamata a kiyaye. Na farko, wannan dabara ta rani ce. Tana aiki sosai da hunturu da bazara, lokacin da iska take a bushe. Da damina iska tana ɗauke da laima, gumin randa ba ya bushewa da sauri, sanyin kaɗan ne. Na biyu, kuma wannan ya shafe mu ƙwarai, ba a sa albasa ko tafarnuwa a ciki. Su busasshen wuri mai iska suke so. Laima na sa su tsiro ko su ruɓe. Haka ma hatsi da wake. Na uku, ba firiji ba ce. Kada a ajiye ɗanyen nama ko kifi a ciki ana cewa zai kwana biyu. Na huɗu, a riƙa duba kayan kullum. Tumatir ɗaya da ya fara ruɓewa a fitar da shi, kada ya shafa wa sauran. A sa kayan a bushe, ba a jiƙe ba, kuma a wanke tukunyar ciki duk mako.

Wani amfani da aka lura da shi a Jigawa ya cancanci iyaye su yi tunani a kansa. In kayan miya ba sa lalacewa a yini ɗaya, babu dole a ɗora wa yarinya talla kullum don gudun asara. Ana iya sayarwa a hankali daga gida, ita kuma ta tafi makaranta.

GALAN NA WANKE HANNU

Na biyu shi ne tsohon galan na man girki, mai cin lita 4 ko 5, wanda yake da mariƙi. Da shi ake yin famfon wanke hannu wanda ba a taɓa shi da hannu. A ƙasar Zimbabuwe aka fara wannan dabara, da gora ma aka fara yin ta.

Kada a raina wannan abu. Cutar amai da gudawa ta hanyar ƙazamin ruwa da ƙazamin hannu take shiga baki. A shekarar 2021 ta kashe sama da mutum 3,000 a Nijeriya, kuma Jihar Sakkwato tana cikin inda ta taɓa. Mutanen bakin Rima sun kuma san abin da ambaliya ke jawowa, tun daga babbar ambaliyar 2010. In ruwa ya ci gari, yakan haɗa masai da rijiya. A irin wannan lokaci wanke hannu ba ƙaramin kariya ba ne. Sai dai in gida duka kwano ɗaya ake tsoma hannu a ciki kafin cin tuwo, na ƙarshe da dattin kowa yake wankewa. Ruwa mai zuba ake so.

A wanke galan da sabulu har maiƙon ya fita. A sa ƙusa a wuta ta yi zafi, a riƙe ta da awartaki ko tsumma mai kauri. A huda galan a gefen da bakinsa yake, kamar yatsa 3 ƙasa da murfi. Huda ɗaya ƙarama ta isa. A kafa sanduna 2 masu gwafa, a gitta wata sanda a kansu, bayan an zura ta cikin mariƙin galan. Yanzu galan yana reto.

Sai a ɗaura igiya a wuyan galan, a sauko da ita a ɗaura a kan wata sanda mai tsawon kamar kamu 2. Kan sandar da aka ɗaure ya ɗaga sama kaɗan, ɗaya kan yana ƙasa. In an taka sandar, galan ya sunkuya, ruwa ya zubo siriri. In an ɗaga ƙafa, ya koma ya tsaya. In ruwan ba ya fita sosai, a ɗan sassauta murfin don iska ta shiga.

A huda sabulu a tsakiya, a zura masa zare, a rataye a gefe. A huda gindin gwangwanin madara a kifa a kansa, don kada ruwan sama ya narkar da shi ko akuya ta lashe. In babu sabulu, a ajiye toka mai tsabta a gwangwani. A haƙa ɗan rami a ƙasan galan a cika da tsakuwa, don kada ruwa ya kwanta.

Wurin da ya fi dacewa shi ne kusa da ƙofar bayan gida. Wanda ke da galan 2 ya kafa ɗaya kusa da madafa. A yi tsayinsa yadda yara za su kai. Su ne ma suka fi son takawa, sai dai a sa musu ido kada su mai da shi abin wasa su ƙarar da ruwan.

BUHU BA YA MUTUWA

Buhun roba in ya yage, a farke ɗinkinsa a shimfiɗa. A haɗa guda 6 ko 8, a ɗinke su da basilla, a naɗe bakin a sake bi da ɗinki. An sami shimfiɗar shanya. A kanta za a shanya tattasai, da barkono, da kuɓewa, da kauɗar tumatir, da shinkafa. Shanya a kan ƙasa ko a gefen kwalta tana cika kaya da tsakuwa da ƙura da kashin dabbobi, kuma mai saye yana gani, yana rage kuɗi. In hadari ya taso, kusurwa huɗu za a kama a shige da ita ɗaki.

Amma a lura da abin da buhun ya ɗauko tun farko. Na shinkafa, da na sukari, da na fulawa su ne na shanyar abinci. Na takin zamani da na siminti, a wanke su a yi wani aikin da su. Ana warware zarensu a tufka igiya ta ɗaure dabbobi ko ta ɗaurin kaya. Igiyar buhu tana da ƙarfi tana sabuwa, amma rana tana cin ta, sai ta fara marmashewa. Don haka kada a yarda a zura mutum rijiya da ita.

LEDAR RUWA DA DASHEN ITACE

Ledar ruwan sha, wadda ake kira fiya-wata, ita ta fi kowace yawa a bakin kasuwa da tasha. Ga shi kuwa girmanta daidai da ledar da masu renon itatuwa ke saye da kuɗi. A yanke bakinta gaba ɗaya. A huda gindinta wuri 3 ko 4 don ruwa ya riƙa fita. A cika ta da ƙasar gona da aka gauraya da yashi da ruɓaɓɓen takin dabbobi. Ɗanyen taki yana ƙona tsiro. A jera ledojin a inuwa, a sa iri 2 a kowace, a riƙa yayyafa ruwa. In duka sun fito a bar mai ƙarfin.

Zogale ya fi sauƙin farawa. Yakan tsiro cikin mako 1 zuwa 2, kuma a shekarar farko ake fara cin ganyensa. Dogon yaro ma yana yi, sai dai irinsa sabo ake shukawa, ba ya son ajiya. A fara reno da bazara, domin a dasa in damina ta zauna. Ranar dashe a tsaga ledar da reza, a sa tsiron da ƙasarsa cikin rami. Ledar da aka cire a tattara ta a dawo da ita gida. In aka bar ta a gona, an kai wa awaki ne har inda suke.

Wanda ya ga wannan ya yi masa kaɗan, ya ji abin da aka yi a ƙauyen Sabon Yelwa ta Jihar Kaduna a 2011. An cika robobin ruwa da yashi, an jera su kamar tubali, an ɗaure da igiya, an haɗa da laka, har aka tayar da gida sukutum. Gida ɗaya ya ci roba wajen 7,800. Mu ba mu ce kowa ya tayar da ɗaki ba. Amma dakalin zama ko akurkin kaji ba zai gagara ba.

WAƊANDA BA A GYARAWA

Yanzu ga maganar da ta fi duk na baya nauyi.

Robar maganin feshi, ko na ƙwari ko na ciyawa, ba ta da gyara. Tana da kyau, tana da murfi mai ƙarfi, shi ya sa take jan ido. Wani ya wanke ya zuba man gyaɗa. Wani ya mai da ita gorar ruwan zuwa gona. Wani ya ba yaro ya ɗebo nono. Wannan ganganci ne. Guba tana shiga cikin jikin robar, wanki ba ya fitar da ita duka.

Ku duba jikin kwalbar. A ƙasan takardar akwai zane mai launi. Ja yana nufin guba mai tsanani, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Wata kuma tana da hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye. Ko wane launi ne, hukuncinsu ɗaya. In maganin ya ƙare, a ɗauraye robar sau 3, ana juye ruwan ɗaurayar cikin tankin feshi, a fesa a gona. Kada a zuba a gulbi ko kusa da rijiya. Sannan a huda robar ko a farke ta da wuƙa, yadda babu wanda zai tsinta ya yi sha'awarta. A tambayi malamin gona inda ake tara irinsu. Kafin nan a ajiye su nesa da yara da dabbobi da ruwa.

Haka nan galan da ya taɓa ɗaukar fetur, ko baƙin mai, ko ruwan batir, ba ya komawa na ruwan sha ko na wanke hannu. Tsohon batir kuma kada a fasa shi a gida, kada a ba yara su yi wasa da shi. Na mota da na babur akwai dalma a ciki, ita kuwa dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yara. A sayar wa 'yan gwangwan yadda yake. Taya da leda ba makamashi ba ne. Hayaƙinsu yana cutar da ƙirji, kuma bai kamata ya taɓa abinci ba.

Akwai kuma haɗarin juye abu daga mazubinsa zuwa wani. A watan Agusta na 2021, a ƙauyen Danzanke na ƙaramar hukumar Isa, nan gabashin jiharmu, hukumomin lafiya sun ba da sanarwar rasuwar mutum 24 'yan gida ɗaya. An ɗauki wani sinadari da ake kira gishirin lalle an sa a abinci, a zaton gishirin miya ne. Allah Ya jiƙansu. Farin gari da farin gari kama suke yi, ido ba ya rabewa.

A nan ne karatu zai yi rana. Duk gwangwani ko kwalbar da aka sake zuba wani abu a ciki, a rubuta sunan abin a jikinta da manyan baƙaƙe: GISHIRI, KANWA, SUKARI, KANANZIR. In boko bai zauna ba tukuna, a rubuta da ajami. Abin da ba na ci ba ne a yi masa babban gicciye da jan fenti, saboda tsofaffi da yaran da ba su iya karatu ba. Kuma kada ya kwana a ɗakin girki. Kananzir da maganin ƙwari ba a zuba su a kwalbar lemo ko kaɗan, domin yaro da ya gan ta baki zai kai.

Sauran gwangwanaye da tayoyin da ba a sami abin yi da su ba, a kife su ko a huda gindinsu kafin ruwan farko ya sauka. Ruwan da ya kwanta a gwangwanin madara ɗaya ya ishi sauro ya yi ƙwai, kuma cikin kamar kwana 10 'ya'yan sun tashi.